Kitsen Doguwa

Maigidana komi ne, wato mai rubutu a wani ofishin gwamnati a Dogon Dutsi, biro muke cewa, a shekarun farko bayan Nasara sun tattara sun bar wa 'yan ƙasa mulki. Lokacin da aka kai ni ɗakinsa siriri ne, ƙashin wuyansa har tsuntsu zai sha ruwa a ciki. Da albashi ya fara shigowa sai jiki ya murje. Mahaucin unguwarmu ya riƙa ajiye masa tozo tun kafin ya baje nama, wani Bafillace aminin marigayi mahaifinsa kuma duk ranar kasuwa sai ya aiko matarsa da man shanu a ɗan gora. Ga shayi da madarar gwangwani da sukari da ya koya wurin abokan aiki, ga ƙosai da fanke da safe. Aka sayi keke, aka daina taka ƙasa.

Ni kuwa ba yabon kai ba, na iya girki. Miyata ba ta sauka daga murhu sai mai ya taso ya rufe ta. In na kwashe tuwon gero sai na yi rami a tsakiyar malmala, na cika shi da man shanu soyayye da albasa. Ina kallon tumbinsa yana turo riga ina jin daɗi a raina, domin a garinmu tumbin miji shaidar mace ce. Matan unguwa har tsokanata suke yi, wai in sassauta kada ƙofar ɗaki ta yi masa kaɗan. Na ce su je su ji da nasu ƙwarangwal ɗin.

Sai dai akwai abin da na sani tun kafin aurenmu, na danne shi a raina. Su mutanen wani ƙauye ne a wajen Geceme, kuma magadan gidansu ba sa tsufa. Mahaifinsa ya faɗi a gona, hauya a hannu, ko "wayyo" bai ƙarasa ba. Wansa, wanda ya gaji gidan, ya dawo daga kasuwa ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya nemi ruwa, kafin a kawo ya cika. Ko ɗayansu bai yi furfura ba. Dukansu kuma, kafin abin ya zo, wani ɗan tabo rawaya ya fito musu a fatar ido, kusa da hanci, ba ƙaiƙayi ba zafi. A gidan suna ce masa shafar Doguwa. Doguwa iska ce da suka gada kaka da kakanni, ita ke tsare musu gero da dabbobi, kuma sun ce wanda take so shi take shafa wa ido. Maigidana shi ne auta, shi kaɗai ya rage wa uwarsa cikin maza.

Wata safiya ina zuba masa ruwa yana wanke fuska, ya ɗago kai, na ga tabon. Butar ta kuɓuce mini. Ya ce mene ne, na ce ba komai, kunama na gani. Ƙarya nake, shi ma ya san ƙarya nake, don daga baya na gane ya riga ni ganin abin a madubin aski, ya ja bakinsa ya yi shiru. Muka zauna gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Abinci ya daina wuce mini. In ya fita aiki, duk wanda ya yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida sai in ce shi ke nan, an aiko a gaya mini ya faɗi.

Ana cikin haka aka kawo mana buhun gero daga ƙauye. Ya sunkuya zai taya mai jaki saukewa, sai na ga ya saki, ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe ƙirji. Gumi ya karyo masa, leɓɓansa suka yi toka-toka. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa turmi. Na kurma ihu, maƙwabta suka cika gidan, wannan na fifita, wancan na tofa addu'a. Can abin ya lafa, ya miƙe yana murmushin ƙarfin hali, wai ƙwarnafi ne. Na ce, "Wane irin ƙwarnafi! Wallahi Maigida ko ka tashi mu tafi likita, ko in cire ɗankwali in shiga gari ina faɗin abin da ke idonka." Ya san bakina, ya tashi.

Majon garinmu, wato babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjinsa, ya duba idon, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Yamai. Maigida ya so ya tafi shi kaɗai, na ce ƙafarsa ƙafata. Na kai yara wurin yayata, muka shiga babbar mota, shi a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhunan gyaɗa. Duk ramin da motar ta faɗa sai in miƙa wuya in leƙa in ga ko hularsa tana nan a tsaye. Ban ga komai na hanyar ba, ban ma san lokacin da muka wuce Dosso ba.

Likitan na Yamai Banasare ne, dogo, mai gashi a hannu. Ya sa aka ɗebi jinin maigida a 'yar siririyar kwalba, aka ce mu dawo washegari. Da muka koma ya ɗauko kwalbar ya ɗaga ta saitin taga. Jinin ya kwanta a ƙasa, a samansa kuwa wani abu ne fari-fari, kamar man da ke tasowa a kan madara in ta kwana. Ya ɗauko ta wani mutum daban ya jera su, ita samanta garau take. Ya faɗi wata kalma, kolestarol, da wata da ta fi ta tsawo wadda har yau harshena bai iya ba. Majon da ke fassara, wani Bazabarme mai Hausa a karkace, ya ce, "Madam, kitse ne cikin jini."

Likita ya ce jini hanyoyi yake bi kamar ruwa a lambu. In kitse ya yi yawa sai ya riƙa liƙewa yana tsuke hanya, ranar da ta zuciya ta toshe mutum ya faɗi. Ya tambayi labarin ubansa da na wansa, maigida ya faɗa masa yadda suka tafi. Ya gyaɗa kai ya ce abin gado ne, a jinin gidan yake. Na ce a raina, to, nan kam bakinsa ya zo ɗaya da na mutanen ƙauye. Na ce wa majo ya tambaye shi ko mutuwa mijina zai yi. Majo ya yi kamar bai ji ba. Na ɗaga murya na ce ba don ado na biyo mota tun daga Arewa ba, ya tambaye shi! Likita ya dube ni ya ce tabbas ba a hannunsa yake ba, amma in an bi abin da zai faɗa akwai fata. A bar man shanu, a bar kitse da tozo da kayan ciki da ƙwai, a bar soye-soye, a rage sukari. A yawaita ganye da wake da kifi, man gyaɗa ma ɗan kaɗan. A jingine keke a riƙa tafiya a ƙasa, sannu-sannu, har tumbin ya sauka. Ya ba da ƙwayoyi a kwalba, ya ce su kaɗai ba za su yi aikin ba. Sannan ya nuna ni da yatsa ya yi magana, majo ya ce, "Wai ran mijinki cikin tukunyarki yake."

Wannan maganar ta shige ni har ɓargo. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san awon Nasara ba. Abin da na ɗauka shi ne loma ɗaya ta kitse tana iya zama wadda za ta toshe hanyar. Yau jikokina da suka yi karatu suna ce mini ba haka abin yake ba, taruwa yake yi a hankali. To, lokacin ba wanda ya gaya mini, da wannan tsoron na dawo gida.

Ranar da na fara ajiye masa miyar kuka ba mai, daga daddawa sai gishiri sai ɗan busasshen kifi, ya buɗe kwano ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Wannan miya ce ko ruwan tafki?" Na ce ya ci ko ya bari, gawa dai ba ta zaɓen miya. Na koma madafa na yi kukana, domin ni kaina ba zan ba baƙo wannan miyar ba. A hankali na koyi dabaru. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli kaɗan, dambun gero da ganye, wake da yakuwa, zabo in saɓule fatar in dafa shi da kayan yaji, fura da nonon da aka riga aka kaɗe aka cire masa mai. Na goge tukwanena da toka har suka daina maiƙo. Ludayin da ya taɓa miyar yara ba ya shiga tasa.

Bafillatar nan ba ta fasa zuwa da goranta ba. Ba a mayar da kyautar amini, sai in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ta juya baya in zagaya in raba wa maƙwabta. Mahauci kuwa, da na ce ya daina ajiye tozo ya ba ni tsoka zalla, sai ya dubi mutanen da ke tsaye ya ce, "Jama'a, ko gwamnati ta karye ne ba mu ji ba?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

Tafiyar ƙasa ta fi komai yi wa maigida ciwo. Komi guda, da farar riga da alƙalami a aljihu, yana taka rairayi zuwa biro tare da masu tallan itace! Da yamma kuma in kora shi ya zaga gindin dutse. Wasu suka ce ya sayar da keken, wasu suka ce an kusa sallamarsa daga aiki. Ni kuma in ya daɗe bai dawo ba sai in ga kamar yana can kwance bayan dutse ba mai gani, in yafa mayafi in bi sawu. In ƙwayoyin suka kusa ƙarewa, direban da muke ba sautu daga Yamai bai dawo ba, sai in wuni a bakin hanya ina tambayar kowace mota. Mun sha faɗa. Na taɓa jin ƙanshin tsire a hannun rigarsa, ranar har sai da maƙwabta suka shigo ba mu haƙuri.

Amma jiki magayi. Kafin damina ta yi nisa wando ya fara zamewa, numfashinsa ya daidaita, nauyin ƙirjin ya ja baya sai jefi-jefi. Tabon dai yana nan. Ni na san sauƙi ne, gari kuwa abin da ya gani daban: mutum ya je Yamai da tumbinsa, ya dawo yana zubewa. A bakin rijiya in na iso sai a yi shiru. Wata da ba ta iya riƙe baki ba ta ce mini wai ana cewa na shanye shi, ina tsotse shi a tsaye. Na ajiye guga na ba ta amsar da ba zan maimaita ba yanzu da na tsufa. Maganar dai ta riga ta kama hanyar Geceme.

Wata ranar kasuwa sai ga Inna, uwar maigida, a kan jaki, ba aike ba sanarwa. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta da yawan magana, ban taɓa jin ta zage ni ba, shi ya sa ma nake shakkarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta na kan ɗanta. Ta kama hannunsa ta shafa tun daga kafaɗa har wuyan hannu, ta kai yatsa kan tabon idonsa ta janye da sauri. Sannan ta wuce madafa ta buɗe tukunyata, ta sa ludayi ta ɗebo ta tsiyayar.

Ta ce, "Ɗiyata, mi ɗana ya yi miki?"

Na ce, "Inna, likita ne ya hana."

Ta ce, "Lokotoro ya san Doguwa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinai. Ta shahe shi, ke kuma kin bar shi shina ramewa. Wanda ta shafa ciyar da shi akan yi, don ta ga ana kula mata da abinta."

Ta juya ga ɗanta ta ce, "Auta, in anka gama ɗaurin hatsi ka taho gida. Bara ba ka zo yanka ba. Bana ka zo ka ci rabonka, in kana son in yahe maka nonon da ka sha." Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ko ruwan gidana ba ta sha ba, ta hau jakinta ta koma.

Na san rabon da take nufi. Kowace kaka, in hatsi ya shiga rumbu, ana yanka wa Doguwa farin rago a gindin wata tsamiya da ke bayan gidansu. Jini nata ne. Kitsen da ke lulluɓe da tumbin ragon kuma na magajin gida ne. Uwar gida ce ke gasawa, ta zuba a sabuwar ƙwarya ta kwarara man shanu, magaji ya cinye shi kaɗai a gaban dangi, sannan ya zauna ana ɗura masa mai da nama har ragon ya ƙare. Mace kuwa ko lasar yatsa ba ta yi. An ce wadda ta taɓa lasa bakinta ya karkace, ta ƙare tana yawo a daji.

Da Inna ta tafi na tsare maigida na ce, "Ka ce mata to? Ba da kai likita ya yi magana ba?" Ya ce, "Ta binne biyu. Da wane bakin zan ce mata a'a?" Na ce ai ni ma ba ɗinkin likkafani aka kawo ni gidansa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita zagayen dutse.

Kada ku ɗauka na raina Doguwa. Ina salla, ubana ma mai salla ne, amma a ƙasarmu ta Arewa aka haife ni, inda bori ya yi ƙarfi. Na ga mace lafiyayya ta faɗi ana kiɗan goge, ta tashi da muryar da ba tata ba. Mutanen Lugu, garin manyan masu bori, ba don wasa ake shakkarsu ba. In Inna ce da gaskiya, to ni ce ke kashe shi da miyata ta lami. In likita ne da gaskiya, ƙwaryar can ce za ta kashe shi. Gaba kura, baya siyaki. Na rame na fi shi ramewa. Mutane na murna gero ya yi kyau bana, ni kuwa kullum zangarniya tana nuna ina ƙirga kwanakin da suka rage.

Da aka gama ɗaurin hatsi muka tafi. A hanya na matsa masa sai da ya yi mini alkawari zai ba su haƙuri, ya ce likita ya hana. Ya yi alkawarin yana kallon gefe. Na san shi sarai: a biro yana iya tsawata wa ƙato, amma a gaban Inna yaro ne.

Washegari da hantsi aka taru, maza a gindin tsamiya, mu mata a tsaye can jikin darni. Wani tsoho daga dangin kakansa, wanda wuƙar yankan ke hannunsa, ya kira Doguwa da kirarinta, ya kwantar da rago, jini ya bi saiwa. Aka feɗe, aka zare kitsen fari sol, aka miƙa wa Inna. Ta gasa shi a garwashi da hannunta, yana ɗiga wuta tana tashi. Ƙanshi ya cika wurin. Ta yayyanka a ƙwarya, ta kwarara man shanu har ya rufe, ta kai gaban ɗanta ta ajiye, ta koma gefe ta tsuguna.

Na kafa masa ido. Ya kalli ƙwaryar, ya ɗago, ya buɗe baki zai yi magana. Inna ta ce, "Ci, Auta," murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Na ga bakinsa ya rufe. Na ga ya fara naɗe hannun riga.

Ban san lokacin da na bar jikin darni ba. Wata ta kama mini zane na fizge, na faɗa tsakiyar maza na sure ƙwaryar daga gabansa. Zubarwa ta zo mini a rai, amma na san in na zubar gobe za a kawo wani ragon. Rabon da aka ci kuwa ya ciwu, ba a yanka biyu a kaka ɗaya. Na cusa hannu na dinga turawa a baki. Zafi ya ƙone mini harshe da dasashi, mai yana bin haɓata yana sauka a ƙirji, ina haɗiya ba tauna, ina kuka. Na kafa kai na shanye man da ya rage, na kife ƙwaryar a ƙasa.

Tsohon ya saki wuƙa ya ce, "Wagga ɗiya ta kashe kanta." Mata suka rufe fuska, wasu suka ja 'ya'yansu baya. Maigida ya zabura zai zo gare ni, maza biyu suka riƙe shi. Ni kuwa ina tsaye ina jira. Na ɗaga kai na kalli rassan tsamiya, na taɓa bakina in ji ko ya fara karkacewa. Duk ganyen da ya motsa sai in ce ga ta nan. Wayyo Allah, tsoron da na ji a ɗakin likita wasa ne a kan na wannan tsayuwar. Yarana nake tunawa, ina cewa wa zai riƙe su in na shiga daji.

Sai cikina ya juya. Na ruga bayan rumbu na durƙusa, na dinga amai kamar zan fitar da hanjina. Ba wanda ya biyo ni, kowa tsoron taɓa ni yake. Can na ji takun ƙafa a hankali a bayana. Na ce shi ke nan, ta iso, na runtse ido ina salati. Sai na ji an dafa mini goshi, an miƙo mini ruwa a moɗa. Inna ce.

Na kurkure baki. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke ba ki tsoronta?"

Na ce, "Ina tsoro, Inna. Dubi yadda nake rawa."

Ta ce, "To don mi kinka yi?"

Na gaya mata duka, da ƙonannen harshena, rabin maganar ba ya fita. Na gaya mata kwalbar da aka ɗaga saitin taga, da farin abin da ya taso a kan jinin ɗanta, da ta ɗayan mutumin da take garau. Na ce likita ya ce kitse da man shanu su ne ke ƙara tsuke hanyar jini, kuma tun da ya bar su ƙirjinsa ya yi sauƙi, ta tambaye shi ta ji.

Ta zame ta zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi, ta miƙe ƙafafu, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabana ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, mai yana ƙyalli a kai.

Ta ce, "Ubanshi, kowace kaka ni ka gasa mishi. Da tabon ya hito anka ce in ƙara mishi mai, na ƙara. Saniyata ta gado ban taɓa saida man ta ba, duk shi ka sha. Wanshi ma haka, shi har gona nika bin shi da ƙwarya." Sannan ta ce, "Ɗiyata, ke kinka ga kwalbar da idonki. Hwaɗa mini gaskiya. Hannuna ne?"

Da ƙyar na ce, "Inna, likita ya ce a jini yake, da shi aka haife su. Kuma kwana in ya ƙare ya ƙare."

Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Daga can ana jin hayaniyar maza, tsohon yana cewa sai an san abin yi kafin rana ta faɗi. Inna ta goge hannunta da ƙasa, ta dafa rumbu ta miƙe. Ta ce, "Tashi ki ɗauki mijinki ku kama hanya tun da rana. Ki ci gaba da yi mishi miyarki. Doguwa kuwa ni da ita mun daɗe, in tana da magana ta zo gare ni."

A ranar muka bar ƙauyen. Bakina bai karkace ba, sai dai na daɗe ban iya cin abu mai zafi ba, na kuma daɗe ina firgita in iska ta kaɗa ganye. Dangi sun yi fushi, wasu har suka mutu ba su sake taka gidana ba. Maigida ya ci gaba da ƙwayoyinsa da tafiyarsa, muna komawa Yamai ana duba jini, farin abin yana raguwa amma bai taɓa ɓacewa duka ba. Ya yi furfura, ya ɗauki jikoki a cinya, kuma duk tsawon shekarun nan ban daina kasa kunne in ya yi tari ba. Inna ba ta sake gasa kitse a gindin tsamiya ba. In mun je gaishe ta takan yi mini kallo mai tsawo, in ga kamar za ta sake tambaya. Har ta koma ga Allah ba ta sake ba, ni ma ban ba ta amsa ba.